Saniya Na Da Burtali, Mu Fa?

Kalma guda ta taɓa cinye mini maki biyu a jarrabawar Ingilishi, muna shekara ta uku a kolej. Mushe ya rubuta "pavement" a allo, ya ce kowa ya ba da ma'anarta. Ni kuwa da ma na taɓa cin karo da ita a ƙamus ɗin da ke cikin salular yayana, inda aka ce shimfiɗar hanya ce, wato kwaltar da mota ke bi. Na rubuta haka, har ina rufe takardata da hannu kada na kusa da ni ya kwafa. Da takardu suka dawo sai ga jan bik. Wai amsar ita ce "trottoir", wurin da masu tafiya a ƙasa ke bi a gefen titi. Na je na yi gardama. Mushe ya ce littafi ya faɗa, magana ta ƙare.

Sai da na shiga lise na gano ni da mushe duk muna da gaskiya. A Ingila, in an ce "pavement", ana nufin wannan tudun da ake yi a gefen titi don mai tafiya a ƙasa. A Amurka sunan tudun "sidewalk", ita kuwa "pavement" a bakinsu shimfiɗar titin ce kanta. Wato in uwa ta ce wa ɗanta ya tsaya a kan "pavement", a Landan ta tsare shi daga mota, a Amurka ta tura shi gaban mota. Mutanen Ostareliya ma nasu daban ne, "footpath" suke cewa. Littafin mushe na bin Ingila, salular yayana na bin Amurka, ni aka bari da asarar maki.

Na yafe makin. Abin da ban yafe ba shi ne, a cikin ajin nan kaf, har da ni mai gardamar, babu wanda ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, to ina abin yake a garin nan?" Muka haddace kalmar, aka kaɗa ƙararrawa, muka fito, muka bi bakin kwalta muna kauce wa kabu-kabu kamar kullum. Ko a ranmu ba mu haɗa abin da ke allo da abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu ba.

Ƴan'uwa, ku dubi asalin kalmar nan ku ji abin dariya. Daga Latin ta fito, harshen Rumawan dā, kuma ma'anarta can ita ce ƙasar da aka buga har ta kwanta ta yi ƙarfi. Daɓe ke nan! Irin wanda iyayenmu mata ke taruwa su yi a ɗakin amarya, da madaɓi da ruwan makuba. Daga wannan saiwa ce Faransanci ya samu "pavé", wanda muka karɓa muka mayar pabe, waɗannan tubalan siminti da ake jerawa a wasu titunan Damagaram. Ashe kalmar da ta kayar da ni a jarrabawa ƙanwar pabe ce, uwarsu ɗaya. Amma ku lura da wanda ke cin moriyar pabe a wurinmu. Mota da babur. Ko a nan ma, da muka ari kalmar, ga mai taya muka ba ta.

Wannan shi ya sa na fara ƙirga kalmomin hanya da ke bakinmu. Mu ƴan iyaka ai mun fi kowa arzikin aro, don muna ci kudu muna ci arewa. Daga Ingilishi muna da kwalta, da titi, da kwalbati, da tasha. Daga Faransanci muna da gudron, da kanibo, da pabe, da kamyo. Wasu ma suna biyu biyu gare su, sai wanda ka ga dama. Duk wani abin da mota ke bukata, harshenmu ya yi masa suna, tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta san shi. To ina sunan wurin da mai ƙafa ke bi? Je ka tambayi kakarka mene ne "trottoir". Hausa ba ta da rowar aro, kowa ya sani. Abin da ya zo gari, shi ake raɗa wa suna. Wannan bai zo ba, shi ya sa ba a yanka masa rago ba.

Wani zai ce: haba, ai muna da "gefen hanya" da "bakin titi". Ƙwarai kuwa, kuma nan ciwon yake. Gefen hanya ba sunan wani abu ba ne da aka gina. Saura ne, abin da ya rage bayan mota ta ɗauki rabonta. Gefen hanya na mai tebur ne, na mai tsire ne, na mai faci ne, na mai sayar da mai a kwalba ne, na mai ginin da aka zube wa yashi ne, na akuya ne, na ruwan wanke-wanke ne. Na kowa ne, sai mutum guda: wanda yake son ya wuce. Shi kaɗai ne ba ya iya cewa "nan wurina ne", don wucewa yake, kuma ba shi da kalmar da zai kafa hujja da ita. Ka taɓa jin an kai ƙara gaban mai unguwa an ce wane ya tare gefen hanya? Dariya za a yi maka.

Bari in ba ku labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata yarinya a unguwarmu, ba ta wuce shekara 9 ba, tana tallar gyaɗa. Wata ran kasuwa tana tafe da farantinta a ka, ta iso inda aka zube tulin yashi da bulo a ƙofar wani gini, ga amalanke a tsaye gaba kaɗan. Ba ta da wurin bi sai ta sauka kan kwalta. Taku uku ba ta yi ba wani ɗan kabu-kabu ya kwashe ta. Ƙafa ta karye. Ta yi wata biyu a kwance, makaranta ta wuce ta, har yau in ta yi sauri sai ka ga tana ɗingishi. Na tsaya a wurin ina jin abin da mutane ke faɗi. Wasu na cewa yaran yanzu ba sa duba hanya. Wasu na zagin ɗan kabu-kabu, wanda shi ma yaro ne sa'anmu, yana zaune a ƙasa gwiwa na jini yana rawar jiki. Wasu suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Tulin yashin nan kuwa yana nan a gabanmu, mutane har hawa kansa suke yi don su ga abin da ya faru, amma babu bakin da ya ambace shi. Ya ƙara sati uku a wurin.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai zaci ƙauyanci ne kawai, cewa ba mu da mutanen da za a yi wa irin wannan gini. A ƙidayar 2012 gundumar Magarya ta haura mutum 570,000, ta Dungas ta haura 350,000, kuma yankin nan na cikin wurare mafi cunkoson jama'a a Nijar. Yau an fi haka nesa. Babbar hanya mai lamba 11 ta taso daga Damagaram, ta bi ta Bande, ta zo Magarya, ta nufi Tinkim da iyakar Najeriya. A kanta ake jigilar wake da riɗi da rake da dabbobi, manyan motoci na kai da kawowa. Ta ɓangaren Dungas kuma ga masu nufar kasuwar Maigatari. A bakin waɗannan hanyoyi ne makarantu suke, da kasuwanni, da tasha. Yanzu ka tsaya a bakin kwalta da safe ka ƙirga: mutum nawa ne a cikin mota, nawa ne a ƙasa? Ɗalibai, ƴan talla, mata masu zuwa awo da goyo, almajirai, tsofaffi, makafi da ƴan jagoransu, guragu a kan kekensu. Mu ne masu yawa. An yi hanya don ƴan tsiraru, mu aka ce mu yi dabara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar na mamatan masu tafiya a ƙasa ne. Afirka ce ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi kowa ƙarancin motoci. Karayar yarinyar unguwarmu ba ta ma shiga wannan lissafi ba, don wurin mai ɗori aka kai ta.

Kada wani ya ce mini ai wannan halin Turawa ne, su da son tsari. A Fompeyi, garin Rumawa da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, an tono tituna da tudu a gefe don masu ƙafa, har da duwatsun tsallakawa. Amma bayan nan biranen Turai sun yi ɗaruruwan shekaru mutum da doki da kwatami na bin hanya guda. Sai da majalisar Ingila ta yi doka a 1762 a kan titunan Westminista, aka ɗora aikin a wuyan hukuma, aka nemo kuɗinsa, sannan abin ya fara kankama a Landan. Doka ce da kuɗi suka kawo shi, ba jini ba.

Ku zo mu bar Turai mu shiga dajinmu, don a nan hujjata take. Saniya a ƙasar nan tana da hanyarta, kuma hanyar tana da suna: burtali. Kowane yaro a Waca ko Guci ko Dogo-Dogo ya san shi. Manomi ya san inda gonarsa ta tsaya, makiyayi ya san inda zai kora. Dokar karkara ta 1993 ta san da shi, dokar kiwo ta 2010 ta ƙara ƙarfafa shi, akwai kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, a wurare da dama har turakun siminti aka kafa don kada a yi musu. Na san ana cin burtali, na san ana faɗa a kansa, wani lokaci har da jini. Amma ku dubi bambancin. Wanda ya noma burtali ya san ya yi laifi. Da dare yake matsar da shinge. In an kama shi akwai inda za a kai shi, akwai kalmar da za a tuhume shi da ita: ka ci burtali. Wanda ya zube yashi a inda ƴan makaranta ke bi kuwa, da rana tsaka yake yi, yana tsaye yana ba direba umarni, mutane na yi masa barka da aiki.

Ban ce a rage wa saniya komai ba. Cewa na yi kakanninmu, ba tare da injiniya ko bankin waje ba, sun gane cewa mai wucewa yana da haƙƙi a kan mai zama, suka ware masa wuri, suka sa masa suna. Wannan hikima ba ta shigo gari tare da mu ba. Mun bar ta a bakin gona.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni ita a fadarmu. Wani aboki ya ce: "Kai dai ka cika son iyawa. Ana fama da azuzuwan zana, ana fama da tsadar hatsi, asibiti ba magani, kai kana maganar wurin taka ƙafa?" Na ce masa wanda ke zuwa ajin zanan da ƙafa yake zuwa, mai kai yaro asibitin ma da ƙafa take zuwa. Kuma ba marmara na ce a shimfiɗa ba. Jan burji da aka daɓe, da jerin duwatsu ko turaku da za su raba shi da kwalta, da dogon yaro don inuwa, ya isa a fara. Inda akwai kanibo, a rufe shi da siminti, ga wurin bi ya samu, an kuma huta da faɗawar yara. Lokacin da abin ya fi araha shi ne lokacin da ake zana hanya, kafin a zuba kwalta. Ga aikin hanyar Hamdara zuwa Waca zuwa Dungas har iyakar Najeriya, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi. Duk mun yi murna, ni ma na yi. Amma kwalta mai santsi gudu take ƙara wa mota. A cikinmu, mu da ake kira masu ilimi, wa ya taɓa tambayar abin da aka tanadar wa mai ƙafa a inda irin wannan hanya ta ratsa tsakiyar gari? Kilomita nawa muke tambaya, da yaushe za a gama.

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi. Aka ce: ko an yi, ƴan tebur za su mamaye, je ka Damagaram ko Maraɗi ko Kano ka gani. Gaskiya ne, na gani. Damagaram ta sha gyara a 2018 lokacin Zinder Sabuwa, don bikin 18 ga Disamba, amma sabon titi bai hana mai ƙafa raɓe-raɓe ba. Sai dai a nan ina so mu yi hankali, don akwai tarko. A ƙasar nan ba a cika tuna kalmar "trottoir" ba sai ran da za a kori talaka. A 2016 an rushe rumfuna da shaguna masu yawa a bakin titunan Yamai, mutane suka wayi gari ba jari ba wurin zama. In abin da rubutuna zai jawo ke nan, gara in yaga shi. Kuɗin littafina da na rigar makarantata daga kaskon ƙosai suka fito, kuma kaskon a bakin hanya yake. Mai tebur ba don mugunta ya zauna nan ba, nan masu saye suke. Kuma kullum ana yanka masa tikiti, yana biya. Wanda ya karɓi kuɗinka a kan wuri ai ya ce maka zauna. Ba daidai ba ne a yi shekara goma ana karɓa, ran da baƙo zai zo gari a turo katafila.

Burtali bai hana noma ba. Iyaka ya sa. Haka nake nufi: a ja layi, tebur ya koma baya da taku biyu, a bar gaba inda mace mai goyo da yaro a hannu za ta wuce ba ta sauka kwalta ba. A yi shi da shawarar masu teburin, da mai unguwa, da shugabannin ƴan kabu-kabu, a rubuta, kowa ya sani. Wanda ya fi ƙarfin layi shi za a tuhuma, ko da mai babban shago ne da ya fito da firiza da janareto har bakin kwalta, don na lura katafila ba ta cika ganin irin waɗannan ba.

Mu ma kada mu wanke kanmu. Bencin fadarmu ina yake? Ina muke jere babura in mun zo shan shayi? Sau nawa tsohuwa ta zagaye mu ta bi ta kan titi, muna ta musun ƙwallo, ko matsawa ba mu yi ba? Ranar da na fara wannan magana a fada, ina zaune ne daram a kan hanyar mutane, ƙafa a miƙe. Wani ya nuna mini, aka yi ta dariya. Na ji kunya, na ja benci baya.

A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tun lokacin wasu abokanmu suka kama Ingilishi ka'in da na'in, wanda jiya yake cewa "trottoir" yau yana gyara murya yana cewa "sidewalk" irin na fim. Koyon harshe abu ne mai kyau, ni ma ina koyo. Amma in mun sauke kalmar Faransa mun ɗauki ta Amurka, ƙafarmu na nan a kan kwalta, me muka sauya? Su Faransawa kalmarsu ta shiga jikinsu har ta haifi ƴaƴa: suna cewa mace na "yin trottoir" in tana zaman kanta a bakin titi, ƴan Afirka masu Faransanci kuma suka ƙirƙiro "radio trottoir" don ji-ta-ji-ta. Mu mun san rediyon sarai, kullum muna saurare. Tudun da aka sa wa rediyon sunansa ne ba mu taɓa takawa ba. In Hausa ta zama harshen ƙasa da gaske, wata rana da ita za a rubuta takardar kwangilar hanya. Ran nan, wace kalma za a sa a layin da ya shafe mu? In babu kalma, babu layi, in babu layi babu kuɗi.

Da muka zauna a ƙungiya mun yi musu a kan suna. Wata ta kawo "turba", amma turba ƙafa ce ke fitar da ita da kanta, babu mai gina ta, babu mai tsaronta. Wani ya kawo "daɓen ƙafa", yana da daɗi a baki, kuma ya yi daidai da asalin kalmar Turawan. Ni na tsaya a kan "burtalin mutane". Aka taso mini, wai na mayar da jama'a shanu. To ku yi haƙuri, a wannan fage saniya ta fi mu gata, ba zagi ba ne a nemi a kamo ta. Dalilina guda ne: kalmar ba ta bukatar fassara, kuma da kunyarta take tafe. Ka ce wa dattijo "Baba, yashin nan ya hau trottoir", zai dube ka ya ce ɗan lakwal ya zo da iyayi. Ka ce masa "Baba, an ci burtalin mutane", zai fahimta kafin ka rufe baki, don shi ma ya taɓa zama a shari'ar burtali. Ba mu gama musun ba. Wanda ke da sunan da ya fi wannan ya kawo, shafin fitowa ta gaba a buɗe yake.

Kafin nan ga aikin da nake roƙon kowa ya yi. Ran kasuwa mai zuwa, ka taso daga gida zuwa makaranta ko tasha, ka ƙirga sau nawa dole ta sa ka sauka kan kwalta, ka rubuta abin da ya tare ka a kowane wuri: yashi ne, tebur ne, babur ne, kwatami ne, ko bencin fada. Ƴan Bande su yi, ƴan Dungas su yi, ƴan Sasumburum su yi. Mu haɗa takardun, mu sa hannu, mu kai wa duk wanda ke kan kujerar gari, magajin gari ne ko kantoma, mu ajiye kwafi don ran da za a zo auna sabuwar hanya. Ni na riga na yi nawa. Daga ƙofar gidanmu zuwa tasha, sau 11. Biyu daga ciki bencin abokaina ne.